Allurar da Inna Ta Hana Ni

Ƙofar Marke, Sakkwato
Ranar Lahadi

Zuwa ga abar ƙaunata, Yaya Fauziyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Abban Amiru da yara gaba ɗaya. Yaya zafin Kano? Na san za ki ce ya yi yawa, amma ki zo Sakkwato ki tuna gida, ko randa ruwan zafi take ba mu yanzu. Yaya tarin nan na Amiru, ya sake shi? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Yaya, ranar Talatar da ta wuce ce komai ya canza mini, kuma ba irin yadda nake karantawa ba. A littafi, ranar da rayuwar jaruma za ta juya, wata mota ce mai baƙin gilashi take tsayawa a ƙofar gidansu. Ni tawa ranar da wuƙar fawa ta zo mini, ina zaune a kan kujerar tsuguno da ɗaurin ƙirji. Kada hankalinki ya tashi, hannun hagu ne, ga shi da na dama nake rubuta miki. Na so in gaya miki a waya, amma maganar ta taɓa halin da nake ciki, kin kuwa san bakina ba ya iya ɗaukar wannan ko da ke ce. Alƙalami shi ba ya jin kunya. Zan ba direban da ke kai wa maigidana kilishi Kano wannan takarda, tare da littattafanki da na gama.

Ga yadda aka yi. Maigidan, wanda ke kike da ikon kiran sa Jafar kai tsaye, ya aiko da tsoka mai kyau daga mahauta. Sai na ce bari in feɗe ta siriri yadda yake yi in zai shanya kilishi, ya dawo ya ga matarsa ma ta iya sana'ar gidansu. Na ɗauko wuƙarsa da ya sha hana ni taɓawa. Laifina ɗaya, na jingina littafi a jikin turmi, na danne shafin da dutse. Daidai inda aka ƙwanƙwasa wa jarumar ƙofa ta miƙe za ta buɗe, idona ya tafi can, wuƙa kuwa ta tafi tudun tafin hannuna, ƙasan babban yatsa. Ban ma ji zafi ba da farko, jini kawai na gani yana ɗiga a kan shafi.

Allah ya taimake ni lokacin ya dawo sallar azahar. Yaya, mutumin da kullum cikin jini yake wuni, wanda hannuwansa duk tabo ne, da ya ga nawa sai ya ruɗe. Ya ce su a mahauta gishiri suke dannawa su ɗaure da tsumma su ci gaba da aiki, amma ni ba zai iya ba. Ya naɗe hannun da sabon rawaninsa, ya ɗaga shi sama, ya tare keke napep. Ina jin zafi, amma can ƙasan zuciyata ina cewa ashe haka nake a wurinsa.

A sashen taimakon gaggawa wata ma'aikaciyar jinya mai fara'a, Sista Ladi, ta wanke ciwon. Sai likita ta zo, Dakta Rukayya, yarinya ce da ba za ta girme ki ba. Ta sa na motsa yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ta taɓa kan kowanne tana tambaya ko ina ji. Ta ce na yi sa'a, jijiya ba ta taɓu ba, amma sai an ɗinke. Ina jin kalmar ɗinki na karanto mata haddar da Inna ta koya mini tun ina yarinya: jinina ba ya karɓar allurar kashe zafi, in aka yi mini mutuwa zan yi. Maigidan ya tabbatar mata, ya ce wannan yana cikin amanar da Inna ta ba danginsa ranar da aka kawo ni.

Kin san asalin maganar, don kina nan. Ranar da aka kai ni cire haƙori, aka yi mini allura a dasashi, zuciyata ta hau bugu kamar ganga, na yanke jiki na faɗi, Inna ta saɓe ni a baya ta fice da ni ba a cire haƙorin ba. Kin kuma san abin da ya biyo baya, lokacin da kwalba ta yanke ni a ƙwauri, aka yi mini ɗanyen ɗinki ba a kashe wurin ba, Inna na danne da kafaɗuna. Har yau in na ga tela yana zura zare a allura sai tsigar jikina ta tashi.

Abin da ba ki sani ba shi ne, wannan tsoron ne ya yanke mini shawarar inda zan sauka. Malaman awo sun sha gaya mini cewa jikina ƙarami ne, abin da nake ɗauke da shi kuwa ba ƙarami ba ne, ga shi na fari, don haka asibiti ya fi mini. Ina gyaɗa musu kai kawai. Na ji matan layin awo suna cewa mai haihuwar fari da wuya ta tsira daga ɗinki. Su ana kashe musu wurin, ni fa? Sai na ƙudurta a raina in lokacin goyon ciki ya yi zan tafi Kwalkwalawa wurin Inna, in zauna har komai ya wuce a hannun ungozoma, inda ba allura ba zare. Kowa ya ɗauka bin al'ada nake yi. Gudu nake yi, Yaya.

Na zaci likitar za ta ce to shi ke nan, a danne ni. Sai ta jawo kujera ta zauna kamar ba ta da sauran aiki. Ta tambaye ni ko a ranar haƙorin jikina ya yi borin jini, ko leɓena da fuskata sun kumbura, ko maƙogwarona ya shaƙe numfashi ya gagara. Na ce ban tuna ko ɗaya ba, abin da na tuna bugun zuciya ne da kyarma da jiri, kuma ina farfaɗowa na nemi ruwa. Ta yi murmushi, ta sa Sista Ladi ta jero mata ƙananan kwalabe a faranti.

Ashe allurar kashe zafi ba ɗaya ba ce. Tana bayani ni kuwa sai na ga kamar samarin da ke zuwa zance wurin jaruma ne aka jera mini. Akwai wadda ta kira lidoken zalla, ba a gauraya ta da komai ba. Tana kama wuri nan da nan, ta riƙe shi gwargwadon yadda za a gama ɗinki a natse, sannan ta saki. Wannan shi ne ɗan'uwan nan mai shiru-shiru da jaruma ba ta kula shi sai a ƙarshen littafi. Akwai kuma ita dai lidoken ɗin amma an haɗa ta da wani sinadari, adirenalin, mai tsuke hanyoyin jini. Tana rage zubar jini, tana kuma daɗewa, shi ya sa masu cire haƙori suke son ta. Amma in ta shiga jini takan sa zuciya gudu da rawar jiki, balle ga yarinyar da tsoro ya riga ya cika ta. Wannan shi ne mai motar nan da ke sa zuciyar jaruma bugawa. Likita ta ce ga dukkan alamu da shi na haɗu a ɗakin cire haƙori, kuma bugun zuciya daban, jini ya ƙi karɓar magani daban. Ta ce masu ƙin wannan magani na gaskiya suna nan, amma ba su da yawa, kuma alamunsu ba irin nawa ba ne.

Ta nuna mini wata mai dogon suna da na kasa riƙewa, wadda take jinkirin kamawa amma in ta kama sai ta kusa wuni. Ta ce ƙaramin yanka irin nawa bai kai a tashe ta ba. Ni dai da na ji akwai na shafawa, wanda ba allura, sai na ce shi nake so. Ta yi dariya ta ce kowa shi yake so. Amma ya fi aiki a fuska da fatar kai, musamman ga yara, fatar tafin hannu ta yi masa kauri, sai an daɗe ana jira, kuma shi ma akwai sinadarin nan mai sa bugun zuciya a cikinsa. Ta ce in ita ce ni, zalla za ta zaɓa, ba ta cutar da mai juna biyu, kuma za ta fara da ɗan kaɗan a fatar damtsena, da maganin ko-ta-kwana a kusa, mu ga abin da jiki zai ce. Amma hannuna ne, ni zan faɗa.

Na dubi maigidan, ya dube ni. Ya ce shi amana aka ba shi, ba zai iya cewa a yi ba, ba kuma zai iya tsayawa ya ga an ɗinke ni ɗanye ba. Ban taɓa yanke wa kaina wani abu da ya wuce launin atamfa ba. Na yi bisimilla na miƙa hannu.

Muka zauna jira, Sista Ladi tana auna ni tana tsokanata, wai amaryar mahauci ta zo koyon fawa da hannunta. Ba abin da ya faru. Zuciyata tana tafiyarta kamar ba da ita ake ba. Sista ta ɗumama kwalbar a tafin hannunta, ta ce in da ɗumi ba ta cika raɗaɗi ba, likita kuma ta tura maganin a hankali ta bakin ciwon. Na ji kamar cizon cinnaka, daga nan wurin ya zama kamar ba nawa ba. Ina kallo da idona allura tana shiga tana fita, abin da nake ji kawai kamar ana jan bakin zanena. Sai hawaye. Maigidan ya rikice yana tambaya ko zafi ne, na kasa gaya masa cewa rashin zafin ne ya sa ni kuka.

To Yaya, ga abin da ya hana ni sukuni. Dalilin guduna ya faɗi, amma Inna tana can tana shirin zuwana. Ki taimake ni da abin da kika tuna na ranar haƙorin, ke kin fi ni wayo a lokacin. Ki gaishe da Abban Amiru, ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki mai kewarki,
Ni'imatu


Ƙofar Marke, Sakkwato
Ranar Jumma'a

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar Jumma'a, da fatan kuna lafiya ke da mutanen gidan duka. Amsarki ta iso tare da sababbin littattafan da turaren wutan, na gode, Allah ya bar zumunci. Na ji daɗi da tarin Amiru ya lafa. Hannu yana ta sauƙi, ƙaiƙayi kawai yake yi, an ce alamar warkewa ce. Maigidan ya hana ni taɓa ko cokali, shi yake ɗebo ruwa, har shara na kama shi yana yi yana waige kada maƙwabta su gani. Ya kuma ɓoye wuƙaƙensa a inda ban sani ba. Na faɗa miki, zaman jinyar nan ya fi mini amarci daɗi.

Na karanta takardarki har na kusa haddace ta. Kin ce ba kumburi, ba borin jini, fari kawai na yi kamar takarda, kuma muna isa gida na cinye ƙosan da aka saya miki. Wannan ya yi daidai da zaton likita. Amma ɗaya maganar ce ta tsaya mini a rai, da kika ce bayan ɗinkin ƙwaurina Inna ta daina cin abinci kwana da kwanaki, kina ganin ta bayan rumbu tana share hawaye da bakin zane. Ni ban taɓa sani ba. Abin da na riƙe kawai nauyin hannuwanta a kafaɗata.

Da ban karanta wannan ba kafin zuwanta, da na yi wauta. Shekaranjiya ta zo, don uwar maigidan ta aika mata. Ta shigo da albasar fadama da kabewa da fura a ƙwarya. Maigidan yana jin sallamarta ya durƙusa ya gaishe ta daga nesa, ya sulale, ban sake ganin sa ba sai bayan la'asar. Ta kama hannun ta juya shi, ta yi addu'a ta tofa. Ni kuwa da zumuɗina na fara ba ta labari, har da kwalabe da sunayensu, ina jiran ta yi murna.

Yaya, fuskarta rufewa ta yi. Ta ce Allah ne dai ya tsare, kuma wanda ya tsallake rijiya sau ɗaya ba ya komawa ya ce bari ya gwada faɗinta. Ta ce likitocin yanzu ɗiyan jiya ne, ita da idonta ta ga ɗiyarta ta faɗi kamar an zare mata rai, ba wanda zai zo da gilashi a ido ya gaya mata ba ta ga abin da ta gani ba. Ta ce maigidan ma da sauransa, an ba shi amana ya tsaya yana kallo. Na buɗe baki zan kare shi, sai maganarki ta faɗo mini, na fasa.

A nan na gane. In har maganar likita gaskiya ce, to a ganin Inna ta danne ɗiyarta an yi mata ɗanyen ɗinki a banza ke nan. Shekara da shekaru abin da take rarrashin kanta da shi shi ne ta ceci raina. Ni kuma na zo da murmushi ina so in ƙwace mata shi.

Ba ta ambaci halin da nake ciki ba, kin san ba za ta taɓa yi ba. Da bango take magana. Wai an shafe ɗakin nan na kusa da nata, an sa sabuwar tabarma. Wai itacen da aka tara ya kai tsayin mutum, an sayi babbar tukunya, kanwa ma ta sa an kawo mai kyau. Wai Gwaggo Lailatu ungozoma tana gaishe ni, ta ce hannunta ne ya karɓe ni, shi zai karɓi na bayana. Tana faɗa tana kallon kabewa. Ni ma kabewar nake kallo.

Ina son ɗakin nan, Yaya. Na sha kwanta ina hango kaina a ciki, iskar fadama tana shigowa, ina jin hayaniyar ɗaliban jami'a masu zuwa sayen rake, Inna tana dama mini kunu, ni kuwa ina kishingiɗe da littafi. Amma lissafin malaman awo tsakiyar damina ya nuna, lokacin da gulbi yake cika ya malale fadama. In abu ya ƙi a ɗakin Inna, kafin a sami mota a ratso zuwa gari fa? Maigidan ya faɗi haka sau ɗaya, a hankali, yana kallon ƙasa, ya ƙara da cewa shi ba zai sa baki a tsakanin uwa da ɗiya ba, duk inda na zaɓa zai kai ni.

Ranar Talata za a cire zaren. Na roƙi Inna ta raka ni, ta ce za ta duba. Ke ce ta fari, ko sunanki ba ta kira, amma maganarki tana da nauyin da tawa ta 'yar auta ba ta da shi. Ki kira ta. Kada ki ce mata ta yi kuskure, ki ce kawai ina jin tsoron cire zare ina son ta kusa. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

Ki isar da gaisuwata ga kowa da kowa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
Ni'imatu


Ƙofar Marke, Sakkwato
Ranar Alhamis

Yaya Fauziyya, 'yar'uwa rabin jiki,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da fatan kin tashi lafiya, da maigida da yara. Yaya hidima? An ce kun sami ruwan farko, Allah ya sa mai albarka ne. Mu ma hadari ya fara haɗuwa ta gabas yana watsewa, ƙamshin ƙasa kawai yake aiko mana. Ina lafiya, wanda ke tare da ni ma lafiya, motsi yake kamar yana sauri.

Ban san abin da kika gaya wa Inna ba, amma ranar Talata da hantsi sai ga ta da mayafinta na zuwa biki. A keke ta shaida mini cewa ba rakiya ta zo ba, zuwa ta yi ta ga yarinyar da ta yi kasada da ran ɗiyarta. Na yi ta addu'a Allah ya sa likitar ba ta nan.

Tana nan. Sista Ladi ce ta fara ganin mu, ta ce ga amaryar mahauci ta dawo da rundunarta. Dakta Rukayya kuwa tana jin an ce mahaifiyata ce, sai ta taso ta russuna har ƙasa ta gaishe ta, ta kira ta Inna, ta ba ta kujerarta. Kafin Inna ta fara faɗan da ta ƙunso, likita ta ce dama tana neman wanda ya ga abin da idonsa, don ni yarinya ce a lokacin, ta roƙe ta ta ba ta labarin ranar haƙorin. Inna ta bayar tiryan-tiryan, har launin rigar da na sa. Likita ba ta katse ta ba. Da ta gama, ta ce duk abin da Inna ta gani gaskiya ne, zuciyar ta yi gudu, faɗuwar ma ta faru, kuma ita ma da 'yarta ce da saɓa ta za ta yi ta gudu. Ta ce uwar da aka gaya wa allura za ta kashe mata ɗiya, ta hana, ta yi abin da uwa take yi, wanda ya kamata ya zaunar da ita ya bambance mata allurar da allura shi ne bai yi ba. Sannan ta kawo kwalaben nan biyu ta ɗora mata a tafin hannu, mai gauraye da zalla, ta nuna mata wadda ake zargi da wadda aka yi mini.

Inna ta daɗe tana jujjuya su. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta lura rubutun jikin ɗaya ja ne.

Cire zaren bai ɗauki lokaci ba, ko allura ba a yi ba, ɗan tsikari ne kawai. Muna shirin tashi aka shigo da wata yarinya ƙarama da ta faɗo daga kan dakali ta fasa gira, tana tsala ihu, uwarta na kuka. Na ga Inna ta gyara zama ta kafe su da ido, na san abin da take jiran gani. Sai Sista Ladi ta ɗiga maganin shafawar nan a auduga ta manna a wurin, ta ce a jira. Inna ta ce ƙafarta na ciwo, mu ɗan huta tukuna. Ba ciwon da take yi, so take ta ga ƙarshe. Muna nan har fatar gefen ciwon ta yi fari, likita ta zo ta ɗinke, yarinyar tana kwance tana wasa da wayar uwarta. Ba wanda ya danne ta.

Na saci kallon Inna, na ga leɓenta yana motsi. Da likita ta zo wucewa, Inna ta tsayar da ita, ta yi tambaya ɗaya tana kallon gefe: wai waccan zallar, akwai ta a ɗaya ɓangaren, inda mata suke kwanciya? Likita ta ce ita ce ma suke amfani da ita a can kullum, kuma za ta sanar da malaman awona abin da aka gani. Inna ta gyaɗa kai ta ce Allah ya yi mata albarka. Faɗan da ta zo da shi ke nan.

A hanyar komawa ta sa mai keke ya tsaya ta saya mini yalo. Ta kama hannuna ta duba sabon tabon, siriri kamar zare. Sai ta sunkuya ta ɗan ɗaga bakin zanena ta dubi na ƙwauri, mai faɗin nan, ta shafa shi da babban yatsa. Na ce mata ai ya daɗe da daina ciwo. Ta ce ta sani.

Na so ta ce mini je ki haihu a asibiti, ko kada ki je, in huta. Ba ta ce ba. Da za ta tafi dai, tana gyara mayafi a zaure, ta ce da bango wai itace ba ya ruɓewa in an rufe shi da kyau, ruwan wanka kuma ba ya tambayar inda aka sauka. Ta ƙara da cewa in gaya wa maigidan ya daina gudun ta, ba ta cizo.

Af, na gama littafin nan mai ɗigon jinina a shafi. Kin san wanda ya ƙwanƙwasa wa jarumar ƙofa, wanda saboda shi na kusa rasa yatsa? Mai kawo ruwa ne. Na yi dariya har maigidan ya leƙo. Zan aiko miki da shi, ki yi haƙuri da tabon.

Ki gaishe da Abban Amiru da kyau, ki ce na gode da aron matarsa da yake ba ni. Ki sumbaci yara. Ki fara shirin zuwa, don ina son ki kusa, kuma ki taho da littattafai masu kauri.

Jiya na gaya wa maigidan, yau kuma na aika wa Inna ta bakin uwarsa. Ba zan tafi goyon ciki ba. Ina nan Ƙofar Marke har lokaci ya yi, a asibiti zan haihu, daga can a wuce da ni Kwalkwalawa in yi wankan jego a ɗakin Inna.

Wassalam. Ƙanwarki,
Ni'imatu